Layi Biyun da Aka Ba Saɓa-Ƙafa

Shafi goma sha huɗu aka ba Attajiri a littafin tarihin zuri'a, har da hoton rumfarsa ta farko da na motar da ya mutu ya bari. Ƙanensa kuwa, wanda duk dangi suka sani da Saɓa-ƙafa, layi biyu aka ba shi, kuma da an bar wurin fari fat da ya fi mutunci.

Akawu ce ta fara cin karo da layukan, domin ita aka ɗora wa buga littafin. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a kotu kafin ta yi ritaya, sunan aikin ya biyo ta har gida, ko jikokinta ba su san tana da wani suna ba. Kawu Hedimasta, babban ɗan Attajiri kuma shugaban kwamitin littafin, shi ya aiko mata da rubutun hannunsa cikin jakar leda, da saƙon cewa mai ɗab'i zai karɓa Juma'ar sama. Ta yi kwana uku tana buga yabon Attajiri. Ranar na huɗu ta juya shafi ta ga kakanta, mahaifin mahaifiyarta:

"Ya shiga soja lokacin babban yaƙi, aka sallame shi saboda ya kasa koyon maci. Ya yi dako har ya rasu."

Ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa. Shi ke nan fa. Mutum ya yi shekara saba'in da wani abu a duniya, ya haifa, ya aurar, ya binne mata, an tattara shi cikin abin da bai kai adireshin ambulan ba. Kuma za a buga shi kwafi ɗari uku, a raba wa jikoki da tattaɓa kunne, har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba su samu abin dariya. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har ta kashe kwamfutar ba ta adana abin da ta buga ba.

Ba wai ba ta san labarin ba. Da shi ta tashi, kamar kowa a gidan. Kaka doguwar halitta ne, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka, kuma yana da wata irin tafiya da ba a manta ta: gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajere, hannaye biyu a sake a gefe, yatsu a naɗe kamar yana riƙe da wani abu. Idan shi kaɗai ne, ba a cika lura ba. Amma ya ga mutum a gabansa, shi ke nan, in wancan ya ɗaga hagu shi sai ya ɗaga dama. Duk shekara akwai ranar da tsofaffin sojoji ke fita fareti a filin gari. A ba da umarni, ƙafa arba'in ta hagu ta tashi tare, tasa ta dama ita kaɗai. 'Yan kallo har jiran wurin suke yi. Da farko masu shirya faretin suka mayar da shi layin ƙarshe, daga baya suka aiko a gaya masa ya huta a gida saboda shekaru, alhali akwai waɗanda suka girme shi a layin gaba.

Yaran gidan sun mai da tafiyar wasa, kuma duk cikinsu babu wanda ya kai Akawu iya kwaikwayonta. Wannan ba ta son tunawa. Wata rana tana tsakiyar yi a tsakar gida, 'yan uwa na faɗuwa don dariya, sai ta juya ta gan shi a bakin ƙofa da igiyar dakonsa a kafaɗa. Ta yi tsuru tana jiran mari. Shi kuwa ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Uwargida, kin iya fa. Sai dai kina lilo da hannu. Hannu ba ya lilo." Ya wuce ɗakinsa. Aka ƙara fashewa da dariya, har da ita.

Da la'asar ta ɗauki shafin ta nufi gidan Kawu Hedimasta. Ta same shi a falo, jan biro a aljihu kamar har yanzu akwai 'yan aji a gabansa.

"Kawu, wannan ba zai shiga littafi ba."

"Saboda me? Akwai kuskuren rubutu?"

"Wa ya ga takardar sallamar? Wa ya ce korarsa aka yi?"

"Kowa ya sani."

"A kotu, Kawu, kowa ba ya shiga akwatin shaida."

Ya yi mata irin murmushin da yake yi wa iyayen yaran da suka faɗi jarrabawa. "Tarihi muke rubutawa, ba waƙar yabo ba. Kawo mini takarda in gani. In ba takarda, ranar Juma'a a tafi da shi yadda yake."

Takarda kuwa sai da lambar soja, ita ma Akawu ta san wannan. Ta je wurin Inna, mahaifiyarta, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Kaka. Wata biyar ke nan Inna tana kwance tun da ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye. Gidan yana can ƙarshen wani lungu da mota ba ta shiga, don haka duk Alhamis, ranar asibiti, Direba ƙanen Akawu da wani maƙwabci Tela suke ɗaukar ta a gadon tamfol mai sanda biyu, taku ɗari da wani abu zuwa bakin titi. Don tsabar kulawa har ƙirga suke yi, "ɗaya, biyu, ɗaya, biyu," kada ƙafar wani ta saɓa da ta wani. Direba ya kan ce, "Daidaita, Tela, yau ba ranar jikokin Saɓa-ƙafa ba ce." Duk da haka Inna sai ta cusa gefen mayafi a baki ta cije, ta isa mota da hawaye har cikin kunne.

Da Akawu ta tambaye ta lambar, Inna ta juya fuska bango ta ce ba ta san wata lamba ba, kayansa kuma an rabar tun bayan rasuwa. Direba ne ya ce akwai wani tsohon kofin gorar ruwa na soja da ya taɓa gani. Aka nema, aka nema, a ƙarshe aka same shi cikin buhun garin sabulu a bayan gida, da shi ake auna na wanki shekara da shekaru. Akawu ta wanke shi ta kifa. A gindinsa an kankare lambobi shida da bakin ƙusa, a fili kamar jiya. Kofin da ya ƙetare teku ya dawo, ga inda zuri'a ta ajiye shi.

Ofishin da ake adana takardun tsofaffin sojoji yana ƙasan wani bene, inda rana ba ta leƙawa. Ranar farko aka ce mai makulli ya fita. Rana ta biyu wani jami'i mai ƙamshin turare ya ce mata, ba tare da ya ɗago daga wayarsa ba, ai takardun wancan zamani ruwa ya cinye su. Da wata ce da ta yi godiya ta tafi. Akawu kuwa ta faɗi irin wannan maganar da bakinta ga mutane sau ba adadi, ta san ma'anarta: fayil yana saman kanta, tsani kuma yana nesa. Ta bar mai turare da wayarsa, ta zagaya ta baya ta sami mai sharar ɗakin fayil, wata dattijuwa da ta shekara ashirin tana kaɗe ƙurar kantocin. Suka gaisa, suka tambayi ciwon gwiwar juna. Akawu ta nuna mata gindin kofi.

"Masu farawa da huɗu da bakwai?" in ji dattijuwar. "Suna can kusurwa, ƙarƙashin fankar da ta mutu. Ɓera ya ci na ƙasa, amma na sama lafiya lau."

Awa biyu suka yi suna kwance igiyoyi. Da katin ya fito, bai fi tafin hannu biyu ba, ya yi ruwan ƙasa, kusurwa ɗaya ta gutsure. Akawu ta karanta shi a tsaye, da irin idon da take karanta takardun ƙara. Tsawon aiki: shekara huɗu da wata biyu. Aiki: mai ɗaukar waɗanda aka ji wa rauni. Kafaɗar hagu ta goce sau biyu, sau biyun ya koma bakin aiki. Hali: nagari ƙwarai. Dalilin sallama: yaƙi ya ƙare.

Ta zauna a kan tarin fayil, ƙura ta tashi, ta fake da ita ta share ido. Daga nan sai fushi ya dawo, ya fi na farko. Shekara huɗu da wata biyu! Wace rundunar ce za ta ciyar da mutum shekara huɗu tana jiran ya koyi hagu da dama? Lissafin da ɗan aji uku zai yi, gida cike da malamai da akawuna ba wanda ya yi shi.

Mai turare ya buga wa kwafin hatimi da kyar, yana mita. Ta wuce da shi kai tsaye gidan Kawu, ko hannu ba ta wanke ba.

Kawu ya karanta sau biyu, ya zaro jan biro. "To, ba korarsa aka yi ba. Na yarda, za a gyara. Amma maci dai bai iya ba, wannan da idona na gani shekara da shekaru, ina tsaye ina jin kamar ƙasa ta tsage. Kin ga ma abin ya fito fili. Da suka ga ba zai iya ba, sai suka ba shi dako a can ma." Ya rubuta a gefen shafin, yana karantawa da ƙarfi: "Da ya kasa koyon maci, aka ba shi aikin ɗaukar marasa lafiya."

Akawu ta dube shi. Ta yi kwana biyu tana zarya, awa biyu cikin ƙura da kashin ɓera, don ta kawo masa abin da zai ƙara wa zagin gishiri. Ta tashi ba sallama, abin da ba ta taɓa yi wa babba ba.

A hanya ta tsaya ta yi wa kanta tambayar da ta fi ƙarfin Kawu: to ita tafiyar fa? Katin bai ce komai a kanta ba. Sojan ya ƙare a shekara huɗu, amma dakon ya kai talatin, kuma duk a wuri ɗaya Kaka ya yi shi, shagon gilashi da ke bayan tashar mota. Ba ta taɓa taka wurin ba. Babu wanda ya taɓa, domin a gidansu an ɗauki dako abin da ba a faɗa a gaban baƙi.

Shagon yana nan. Faifan gilashi jingine a bango layi-layi, an saka tsofaffin jaridu a tsakaninsu, ƙasa tana ƙyalli da ɓarɓashi, ga dogon tebur da aka shimfiɗa wa bargo inda ake yanka. Mai-gilashi na yanzu ɗan na wancan lokacin ne, shi ma ya tsufa, yatsunsa duk tabon yanka. Da ta ce ita jikar wanda ake kira Saɓa-ƙafa ce, sai ya ajiye abin yankan.

"A nan ba a kiransa haka. Na-baya muke ce masa." Ya jawo mata kujera ya kaɗe. "Shekara talatin da biyu, Hajiya. Madubin otal, gilashin banki, tagogin asibiti, duk a kafaɗa da hannu, lokacin ba mu da mota. Bai taɓa fasa ko guda ba. Abokan dakonsa na gaba sun canza sun fi goma, shi yana baya. Ni kaina shi ya koya mini tafiya."

"Tafiya? Mutumin da bai iya daidaita ƙafa ba?"

Tsohon ya dube ta kamar ta yi saɓo. Ya jawo wani dogon katako, ya cika kofin shayi da ruwa har baki ya ɗora a tsakiya, ya ce ta kama gaba shi ya kama baya. "Mu tafi tare. Hagu, dama, hagu." Taku biyar suka yi, katakon ya fara rawa gefe da gefe, ruwan ya zube rabi. Ya sake cikawa. "Yanzu ke fara da hagu, ki manta da ni." Ta fara. Ta ji takunsa a bayanta yana faɗawa tsakanin nata, gajere, a hankali. Suka kai ƙofa suka juyo. Ko ɗigo bai zuba ba.

"In ƙafa ta zo ɗaya, kaya lilo yake yi," in ji shi. "Ku duka kun karkata hagu, ku duka kun karkata dama. In na baya ya saɓa, karkatarki ta ci tasa, abin da ke tsakiya ya kwanta. Ga gilashi, fashewa ce kawai. Ki yi tunanin mutum ne da ƙashin cinyarsa ya fito waje, ga mil biyar na tudu da kwari kafin a kai ga likita. Na-baya ya ce a soja sai da aka yi musu wata uku ana koya musu wannan, da bulala, har jiki ya riƙe. Maci kuwa ya iya shi sarai, da shi kowane soja ke farawa. Cire masa shi aka yi da gangan."

Akawu ta sauke katakon. "Shi ya gaya maka duk wannan?"

"Babana ya gaya wa, ina zaune."

"Me ya sa ya gaya masa?"

"Tambayarsa ya yi." Tsohon ya dube ta. "Ku ba ku taɓa tambaya ba?"

Tsohon ya ci gaba. Ya ce akwai shekarar da aka hana Na-baya fareti, ya zo aiki ranar da kakinsa a goge cikin leda. Baban Mai-gilashi ya ce masa, kai ma rana ɗaya a shekara ka bi su mana, a zauna lafiya. Na-baya ya ce ya gwada, Allah ya sani ya gwada. Amma da ya ga ƙeyar mutum a gabansa, sai ya ji akwai wani kwance a tsakaninsu, kuma ba zai iya jijjiga shi don 'yan kallo su ji daɗi ba.

Ranar Laraba ce. Akawu ta shiga falon Kawu Hedimasta da katako a hammata da kofi a jaka, ta sa shi ya kama gaba, dattijo mai shekara tamanin, bai ma samu damar ƙi ba. Ruwa ya zube a kan kafet, sannan da ta saɓa masa ƙafa bai zube ba. Kawu ya zauna ya daɗe yana kallon jiƙaƙƙen wurin. Malami ne, in an nuna masa abu a fili yana ganewa.

Ita kuwa bakinta ya riga ya buɗe. Ta ce shekara saba'in ana dariyar mutum a kan abin da ya fi kowa iyawa. Ta ce akwai gidaje a duniyar nan da ba ta san su ba, da suka samu uba ko kaka saboda ƙafar nan ta dama, su kuwa nasa gidan sun auna sabulu da kofinsa. Ta ce an lissafa buhunan da Attajiri ya sayar shafi goma sha huɗu, ba a iya tambayar ƙanensa tambaya ɗaya ba.

"Kin gama?" in ji Kawu. "Wa ya fi ki iya kwaikwayonsa a tsakar gida? Ina nan fa." Sannan ya sassauta murya. "Ba ni na ƙirƙiri layukan nan ba. Dokar kwamiti ce, ke kika buga ta a shafi na biyu: kowane mamaci, babban ɗansa da ke raye shi ke faɗar abin da za a rubuta, shi kaɗai ke iya canzawa. Na je har gadonta da biro. Abin da uwarki ta faɗa na rubuta, kalma da kalma. Ko gyaran da na yi shekaranjiya sai ta amince. Ki je ki yi mata wannan wa'azin."

Ta tafi, amma ba ta yi wa'azi ba. Ta zauna a bakin gadon Inna ta karanta mata katin a hankali, ta ba ta labarin katako da kofi, ta faɗa mata maganar ƙeya. Inna tana kallon silin har aka gama.

"Ki bar matacce ya huta," ta ce.

"Inna, ƙarya ce za a buga."

"Ke kin san me? Ke dariya kika yi, ni aka yi wa. Ina 'yar shekara tara aka jera mu 'yan makaranta a filin nan da tutoci. Duk aji suka juyo suna nuna ni. Daga ranar har na gama, in na fito sai yara su jeru a bayana suna tafiyarsa har ƙofar gida. Na roƙe shi, na yi kuka, na ce Baba rana ɗaya ce tal. Ya shafa kaina ya ce to. Shekara ta zagayo ya sake. Waɗanda ya ɗauka a can bai san su ba. Ni 'yarsa ce. Da ya so, da ya gyara ƙafarsa saboda ni. A buga yadda na faɗa."

Akawu ta fito tsakar gida da fushinta cike da ciki, ta rasa wanda za ta sauke wa. Kawu ya zame, mai turare bai isa ba, Inna kuwa yarinya ce 'yar shekara tara da tuta a hannu. Saura ita kanta, kuma wannan ta fi kowa sanin laifinta.

Da safe Alhamis, Direba ya ajiye mota a bakin titi, Tela ya zo yana naɗe hannun riga. Aka shimfiɗa gadon tamfol, aka ɗora Inna a hankali. Tun kafin a ɗaga ta riga ta kai gefen mayafi bakinta. Akawu ta ga wannan, ta ajiye jakarta.

"Tela, ka huta yau. Ni zan kama baya."

"Yaya, ke da gwiwarki?" in ji Direba. "Ki bari kada ki kayar mana da tsohuwa."

"Kama gaba. Ka fara da hagu, kada ka ƙirga, kada ka waiwayo."

"In ba mu ƙirga ba ai sai mu saɓa."

"Kama, na ce."

Sandunan suka zauna cikin tafinta, nauyin ya ja kafaɗunta ƙasa. Ta ga ƙeyar ƙanenta, ga Inna kwance a tsakaninsu. Ya ɗaga hagu, ta ɗaga dama. Shekara hamsin ba ta yi tafiyar nan ba, amma jikinta bai manta ba, wanda ya iya abu don mugunta ma ya iya shi. Gwiwa a lanƙwashe, taku gajere. Hannu kuwa ko ta so ba zai yi lilo ba.

Suka wuce ƙofar Tela, suka wuce famfo, suka tsallake kwatar da kullum a nan Inna ke sakin ƙara. Shiru. Akawu ta leƙa fuskar da ke ƙasan haɓarta. Mayafin ya faɗo daga bakin Inna, idonta a buɗe, tana kallon sararin da ke tsakanin rufin gidaje.

"Ƙyaure," in ji Inna.

"Me kika ce, Inna?" Direba ya tambaya bai waiwayo ba.

"Ina 'yar shekara shida na faɗo daga katanga, ƙafata ta karye. Aka cire ƙyauren ɗaki aka ɗora ni, shi da wani maƙwabci, har asibiti. Barci na yi a hanya. Duk wata biyar ɗin nan ina cewa a raina, da ma a samo mini irin ƙyauren nan. Ni na zaci ƙyauren ne mai kyau."

Suka fito bakin titi, Direba ya rage tafiya zai nufi mota.

"Ku wuce," in ji Inna. "Gidan Hedimasta."

"Inna, layin asibiti fa? Mu shiga mota mana, in ya so mu biya."

"A haka za ku kai ni. Da bakina na faɗa, da bakina zan janye."

Gidan Kawu yana bayan layi biyu, kuma kafaɗun Akawu sun riga sun fara ci da wuta. Ba ta ce a sauke ba. Suka bi gefen titi, ƙato a gaba yana taku irin na kowa, dattijuwa mai tabarau a baya tana tafe a duƙe tana saɓa masa ƙafa. A gaban shagon mai gyaran babur wasu zaune a benci suka hango su, ɗaya ya taɓa ɗaya, dariya ta tashi.

Inna ta ɗago kai daga tamfol, abin da ta yi wata biyar ba ta iya ba sai an tallafe ta.

"Uban wa ake wa dariya?" ta ce, da muryar da ta kai har tsallaken titi. "Tafiyar ubana ce. Ku matsa mu wuce."